Rabon Mangwaro a Ruwan Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, wanda ya ba ni minti goma alhali ya san ban taɓa gama ko gaisuwa a minti goma ba, dattawan gari, maza da mata, da kuka sami kujeru masu jingina, shugabar makaranta da malamanta, da suka ara mana wannan zaure, ma'aikatan asibiti, magina, teloli, masu walda, masu wanki da masu tireda, mutanen layin gangare, waɗanda maganar yau ta fi shafa, 'ya'yanmu da jikokinmu, har da ku na bakin ƙofa, da kuka tsaya can don in jawabi ya yi tsawo ku sulale ba a gani ba: ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar wanda ya daɗe yana cin arzikin zama da ku.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan shekara da ranmu da lafiyarmu. Godiya ga waɗanda suka share zauren nan, da waɗanda suka jera kujeru, da wanda ya gyara abin maganar nan har ya daina kuka. Godiya kuma gare ku da kuka bar sana'a kuka zo jin labarin ruwan da ya riga ya zuba da ranar da ta riga ta faɗi.

Ga baƙi da ba su san ni ba, ni ne mai gyaran agogon da ke kusa da tasha. Shekara arba'in ina daidaita wa mutane lokaci, ni kuwa ban taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Ba ni ne na saba tsayawa a nan ba. Kowace shekara, a irin wannan taro, Iya Mai Awo ce take miƙewa da littafinta ta karanta mana yawan ruwan da aka yi da yawan ranar da aka sha. Ga ta can a layi na biyu, ta sa jakarta a cinya. Matar wana ce, marigayi, don haka ni Yaya nake ce mata. Lafiyarta ƙalau, muryarta ma ƙalau, jiya na ji ta a kaina. Ta dai ce bana akwai shafin da bakinta ba zai iya karantawa ba, sai a nemi wanda ba shi da kunya. Aka duba dangi kaf, aka tsaya a kaina.

Tun yanzu zan gaya muku inda za mu sauka, don kada ku ce na yi muku kwana. Iya Mai Awo ta gano cewa littafinta ya yi shekara goma yana ba ku lambar da ba daidai ba. Ta ce in faɗa muku yadda aka yi, in karanta muku na bana, sannan ku yanke: ko ta ci gaba da awo, ko ta miƙa kayan awon ga wani. Wannan ita ce maganar. Sauran duk rakiya ce, amma ku yi haƙuri da rakiyar, don tsoho ba ya yanke hanya.

Abu na farko, yadda ake awon.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, lokacin tana aiki a ɗakin magani na asibiti, wani ma'aikacin gona da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar mata gwangwanin awon ruwa. Gwangwani ne na ƙarfe mai mazurari a baki, da wani siririn gilashi mai zanen lamba. Ya zaɓe ta ne don ya ga yadda take auna maganin tari: ta ɗaga kwalba daidai ido, ta rufe ido ɗaya, ta ƙi sakin mutum sai layi ya hau layi. Ta kafa turke a tsakar gidanta, ta ɗora gwangwanin. Tun daga ranar, kowace safiya ƙarfe bakwai, ta juye abin da ya taru cikin gilashin, ta sunkuya, ta karanta, ta rubuta. In ba a yi ruwa ba, ta rubuta ba a yi ba. Ranar da ta haifi autarta da hantsi, sai da ta karanta na bakwai kafin ta yarda a kai ta asibiti. Ranar da muka kai wana makwancinsa, akwai lamba a shafin ranar. Ni da idona na gani: milimita huɗu.

Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa ce mata ga ladan wahala. Amma manomi kafin ya yi shuka sai ya leƙa gidanta, mai rufin ɗaki sai ya tambaye ta, mai aurar da 'ya sai ya aiko a duba masa makon da ba a cika ruwa ba. A garin nan in gardama ta yi zafi a kan ruwan wata shekara, da an ce Iya ta rubuta, sai kowa ya nemi wata maganar.

Abu na biyu, sanyi da zafi da ranar bana.

Sanyi ya yi mana mako shida cur. Ya zo da ladabi, ya tafi da ladabi. A makonsa na uku ne ya ɗan nuna hali, har aka sami magidanta da suka ƙulla yarjejeniya da ruwan wanka cewa kowa ya zauna inda yake. Ba zan kama suna ba, suna cikin zauren nan, wasunsu ma a kujeru masu jingina.

Zafi kuwa ya zo da ƙarfinsa. A wata na huɗu an jera kwana goma sha tara da man da nake ɗiga wa agogo yake gudu kamar ruwa, kyandir a kan kantar mai tireda ya rusuna kamar yana gaida surukai. Duk da haka, jama'a, rana ta yi mana aiki. Ita ta busar da bulon sabon ɗakin asibiti, ita ta nunar da abin da ke gona, ita ta kashe ɗoyin lambatu.

Lissafin rana ba a hannun Iya yake ba, a hannun Kumfa yake, mai wankin da ke ƙarshen layinta, wanda kuma taubashinta ne. Kumfa ba shi da gilashi, ba shi da littafi. Alli gare shi da bango. Duk ranar da shanya ta bushe kafin la'asar, sai ya ja layi ɗaya a bangon rumfarsa. Ƙarshen wata Iya ta zo ta ƙirga ta kwafe, su yi faɗa, ta tafi. Bana bangon Kumfa ya ba da layi ɗari biyu da arba'in da bakwai. Kwana ɗari biyu da arba'in da bakwai rana tana yi wa garin nan hidima kyauta, ba ta taɓa aiko da cewa yau ba ta jin daɗi ba. Wanda yake da ma'aikaci irin wannan ya ɗaga hannu mu gan shi.

To daga bakin Kumfan nan ne magana ta fara. Kun tuna a taron bara Iya ta ce ruwa ya sake raguwa, kamar yadda ta yi ta faɗa shekara da shekaru, muka yi ta jinjina kai muna cewa zamani ya canja. Kun tuna kuma a taron ne aka yanke za a yi kwalbati a layin gangare, inda ruwan gari duka yake haɗuwa. Maginin da aka ba aikin ya karɓi littafin Iya, ya nemi ranar da ta fi kowace ruwa a shekara goma, ya sami milimita sittin da huɗu. Ya ce bututun siminti ɗaya ya isa. Aikin asibiti ya riƙe shi har damina ta kawo kai, aka ce sai ranin nan da muke shiga.

Washegarin taron, Iya ta je kwafe layukan alli, Kumfa yana matse zani bai ko ɗago ba, ya ce, “Iya, jiya na ji karatu. Littafinki ya ce ruwa ya ragu.”

Ta ce, “Haka ya ce.”

Ya ce, “To durona huɗu da ke ƙarƙashin indararo sun ce bai ragu ba. Yadda suke cika shekara goma da suka wuce, haka suke cika yanzu, har su yi amai. Tsakanin littafinki da durona akwai maƙaryaci ɗaya, ni kuwa durona ba su yi makaranta ba balle su iya.”

Ta ce, “Kai da ba ka iya ƙirga canjin sabulu ba, kai ne za ka gyara mini awo?”

Ya ce, “Ni dai na faɗa. In kin ga dama ki kai ni ƙara wurin hadari.”

Ta yi dariya ta tafi. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma maganar taubashi takan shiga inda ta malami ba ta shiga. Ta riƙe ta a ciki wata biyar, tana jiran ruwan farko.

Abu na uku, damina.

Ruwan farko ya sauka ranar tara ga wata na biyar, da la'asar, da iska daga gabas. Duk wanda ke garin nan ya tuna ƙamshin ƙasar ranar. Iya ta ɗauki laima ta fita tsakar gida, abin da ba ta taɓa yi ba, don aikinta da safe ne bayan ruwa ya gama nasa. Ta tsaya kusa da turke. Sai ta ga ƙasa ta jiƙe ko'ina, amma gefen turken na gabas yayyafi kawai yake samu. Ta ɗaga kai. Reshen mangwaro ne, ya miƙo hannu ya yi wa gwangwani rumfa.

Mangwaron nan ina da labarinsa, don ina wurin aka dasa shi. Wana ne ya dasa, a shekarar da aka kafa turken, taku shida tsakaninsu. A lokacin bai kai gwiwata ba. Ta ce masa ya yi kusa. Ya ce, “Kafin wannan abin ya kai inda zai dame ki, ni da ke mun tsufa mun huta.” Rabin maganarsa ta cika, shi ya huta. Itace kuwa bai san an yi wannan alkawari ba, ya ci gaba da girmansa, kowace shekara ɗan taƙi, kowace shekara yana ƙara shan gaban ruwa.

Za ku ce yaya mace mai ido irin nata ta kasa ganin itace a tsakar gidanta. Ni ma na tambaye ta. Ta ce, “Mai agogo, shekara talatin da ɗaya ina zuwa wurin turken nan da kai a sunkuye. Layin gilashi nake kallo. Mai awo ƙasa yake duba. Ban taɓa zuwa da aikin da zai sa in dubi sama ba.”

Washegari ta zo shagona. Nan zan tona kaina, don in an zo rabon laifi kada a manta da ni. Na ce, “Yaya, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Ina da zarto. Gobe da hantsi reshen nan ya zama itacen girki, ruwa ya koma cikin gwangwani, a ƙarshen shekara ki karanta lamba mai kauri, kowa ya ce bana Allah ya saki ruwa. Wa ya gani, wa ya ji?”

Ta dube ni irin duban da take yi wa kwalbar magani. Ta ce, “In aka kawo maka agogon da ke bin baya, me kake fara yi?”

Na ce, “In gyara.”

Ta ce, “Kafin ka buɗe shi.”

Na ce, “In ajiye shi kusa da mai kyau, in ga minti nawa yake bari a yini.”

Ta ce, “To ka ba kanka amsa. In ka sare reshen gobe, har abada ba wanda zai san nawa yake sha. Magini kuma da tsohuwar lamba zai yi gini. Ba mai taɓa ko ganye ɗaya sai damina ta ƙare.”

Na mayar da zartona inda yake, kuma tun ranar ban sake ba ta shawara ba.

Ta je wurin mai walda ta ce ya yi mata tagwayen gwangwanin. Ta auna bakin da zare. Sau biyu tana mayar masa, har ya ce, “Iya, ruwan sama za a tara ko zinariya?” Ta ce, “In zinariya ce ai da na karɓi na farko.” Na ukun ya yi daidai. Shugabar makaranta ta ba ta wuri a tsakiyar filin wasa, inda ba bango ba itace, ta ba ta mabuɗin ƙofar baya, aka kewaye turken da waya saboda awaki.

Daga nan aikinta ya zama biyu. Ƙarfe bakwai ta karanta na gida. Ta naɗe gilashin a tawul ta sa a jaka, don gilashi ɗaya ne, ba ta yarda a auna da biyu ba. Ta kama hanya. Daga gidanta zuwa filin nan tafiyar minti goma ce ga mai ƙafa, ita da gwiwoyinta ashirin da biyar. Ta bi ta gaban masu tireda suna buɗe shago, ta tsallake taɓon bakin famfo, ta karanta na fili, ta rubuta a wani sabon littafi, ta rubuta har da inda iska ta fito. 'Ya'yanta sun ce za su riƙa zuwa mata, ta ce ido biyu daban ba sa karanta layi ɗaya. Mai babur ya ce zai riƙa kai ta, ta ce gilashin ba ya son girgiza. Kwana hamsin da takwas aka yi ruwa bana bayan na farkon nan, kwana hamsin da takwas ta yi wannan tafiya, ban da safiyoyin da ta je don ta tabbatar raɓa ce ba ruwa ba.

Daminar kuwa ta yi kyau, jama'a, yabon gwani ya zama dole. Bayan ruwan farko ta ɗan ja aji kwana goma sha ɗaya, har masu shukar wuri suka fara duban sama da gefen ido, sannan ta dawo ta zauna. Wata na shida ruwa bi da bi, kamar mai ba jariri abinci. Wata na bakwai aka yi marka ta kwana biyar, bangon Kumfa bai ga alli ba, shi kuma bai bar kowa ya huta da ƙorafi ba. Ƙanƙara sau ɗaya, ba ta yi ɓarna ba. Rijiyoyi sun cika, har tsohuwar rijiyar bayan asibiti da aka yanke wa ƙauna. Ruwan ƙarshe ya sauka ranar shida ga wata na goma, a hankali, kamar baƙon da ya san ya yi zama mai kyau yana sallama.

Abu na huɗu, ranar sha huɗu ga wata na takwas.

Mutanen layin gangare ba sa bukatar in tuna musu. Hadari ya haɗu tun azahar, ya yi baƙi ƙirin daga gabas, ya sauke kamar da bakin ƙwarya, sa'a biyu ba numfashi. Ruwa ya shiga shagon tela har gwiwa, ya ɗora kekunansa a kan tebur ya hau ya zauna tare da su. Mai tireda ta ga buhun gishirinta ya koma buhu kawai. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Da safe Iya ta karanta gwangwanin gida: sittin da uku. Ku riƙe lambar nan. Sittin da uku bai kai sittin da huɗun da magini ya yi lissafi da shi ba. Wato da littafin gida kaɗai ake da shi, da sai a ce ruwan jiya ma bututu ɗaya zai ɗauke shi. Ta naɗe gilashi, ta bi taɓo, ta zo fili. Sai da ta cika gilashin ta juye, ta cika ta juye, tana tarawa: casa'in da ɗaya. Mangwaro ya sha ashirin da takwas a zama ɗaya, ko gyatsa bai yi ba.

Shugabar makaranta ta ce ta hango ta daga ofis, ta daɗe tsaye a wurin turken. Ta fito ta ce, “Iya, lafiya?” Ta ce, “Lafiya lau, 'yata. Ina gaisawa ne da ruwan garinmu. Ashe shekara goma ban san shi ba.”

Ga jimillar bana, ban da ruwan farko. Gwangwanin gida, milimita ɗari bakwai da goma sha takwas. Gwangwanin fili, ɗari tara da goma sha biyu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a ganye. Ruwan garin nan bai ragu ba. Shekara goma muna zargin sama da rowa, alhali tana ba mu mudu cike.

Makon jiya ta ɗauki littattafan biyu ta kai wa magini, ni ina biye da ita ina riƙe da jaka. Muka same shi yana shirin aika a zubo bututu. Ta buɗe masa shafin sha huɗu ga wata a nan, ta buɗe a can. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire fensir daga bayan kunne ya yi ta zane a bayan takardar siminti. Can ya ce, “Iya, bututu ɗaya da ya kashe ni. Da shekara ta zagayo ruwa ya tsallake shi ya shiga gidajen mutane, sunana za a kira, ba naki ba.” Ya mayar da fensir bayan kunne, ya ce, “Da kin yi shiru, wa zai sani?”

Ta ce, “Ruwa.”

Bututu biyu za a sa, manya, kuma za a ɗaga bakin kwalbatin da bulo biyu. Magini yana nan, in na yi ƙarya ya tashi.

Abu na biyar, shafin da ta ce in karanta. Ga shi da rubutunta, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, ko da yake ragewar ta fi yi mini wuya.

“Jama'ar gari, na ba ku lambar da ba daidai ba, a ƙalla shekara goma. Itacen bai yi laifi ba, girma kawai ya yi, wanda ya dasa shi ma ba ya nan balle ya kare kansa. Ni ce ban duba ba. Ban goge ko lamba ɗaya a tsohon littafi ba. Ba zan iya gyara su ba, don ban san girman reshen a kowace shekara ba. Na rubuta a gefen kowane shafi da jan biro: kada a yi gini da wannan. Wanda ya fasa shuka ko ya rage gona saboda maganata, ya yafe mini. Ina roƙon a bar itacen, a mayar da awo filin makaranta. Gwangwani da gilashi suna cikin jakata. In kun ga a ba wani, zan koya masa, kuma ba zan ji haushi ba.”

Nan rubutunta ya tsaya. Saura nawa, kuma gajere ne, Shugaba, ka daina duban agogon nan, ni na gyara shi, na san abin da yake faɗa.

Jama'a, laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. A sana'ata na ga masu kuskure iri uku. Akwai wanda bai san ya yi ba, wannan sai addu'a. Akwai wanda ya sani ya binne, irina da zartona, kuma mu ne muka fi yawa. Sai wanda ya sani, ya ƙi binnewa, ya ƙi ma gyarawa da gaggawa, ya zauna ya auna kuskurensa kamar yadda yake auna komai, safiya hamsin da takwas, da gwiwa mai ciwo, don ya kawo muku shi da lambarsa a rubuce. Irin wannan na ukun, a shekara saba'in da 'yan kai da na yi a duniya, mutum ɗaya na gani, ga ta can ta sunkuyar da kai tana jin haushin ina yabonta.

Ba na ce ba a yi asara ba. An yi. Akwai wanda ya sayar da gonar fadama don ya ji ruwa yana raguwa, kuma yana da ikon ya ji ciwo. Amma ku tambayi kanku: gobe in za ku miƙa gilashin nan, wa za ku miƙa wa? Wanda bai taɓa kuskure ba don bai taɓa awo ba, ko wadda kuka ga abin da take yi ranar da awo ya juya mata baya? Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Shugaba, da izininka, kada mu kai maganar nan wani zama. Wanda ya yarda Iya Mai Awo ta ci gaba da auna mana ruwa, a filin makaranta, ya ɗaga hannu.

To. Ku bar su a sama tukuna, idona ba na da ba ne.

Layin gangare, na gan ku, har tela. Magini, na gani. Malam da ya sayar da gonar fadama, kai ma? Allah ya saka maka, naka ya fi na kowa nauyi. Na bakin ƙofa, ashe ba ku sulale ba. Kumfa, hannu ɗaya ake ɗagawa, sauke ɗayan, ba shanya ba ce.

Wanda bai yarda ba fa? Kada kowa ya ji nauyi, ita ta ce a tambaya.

Shugaba, ina ganin ba sai ka ƙirga ba.

Yaya, ɗago ki duba da idonki, don na san ba za ki karɓi lamba daga bakina ba. Ki bar jakar nan a rufe. Kayan naki ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ruwa daidai ƙasa, rana daidai shuka. Allah ya tsare layin gangare da duk wani gida da ke kan hanyar ruwa. Allah ya ƙarfafa hannun magini da masu taya shi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka dasa mana itatuwan da muke shan inuwarsu, ya yafe musu inda suka dasa kusa. Allah ya ƙara wa Iya Mai Awo lafiyar gwiwa da hasken ido, ya ba mu zuciyar faɗin namu kuskuren tun kafin ruwa ya faɗa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tara mu baɗi ba wanda ya ragu.

Na gode.